Matoshin ƙaramin jirgin ruwa: na asali, na kantin kayan famfo, ko a bar jirgi ba huda?

Kawuna ya sayi jirgi. Ba kwalekwalen katako irin wanda ido ya saba gani a tafkin Madarunfa ba, wani ɗan fari ne na faiba, tsawonsa wajen mita 4, ya zo daga Kwatano ɗaure a saman babbar mota cikin kayan da aka riga aka mora a Turai. Asalinsa na wasan tsere ne, irin mai doguwar sanda a tsakiya da ƙyallen da iska ke turawa. Sanda ta iso, ƙyalle ya iso, amma matoshi ko ɗaya babu. Huda biyu a baya, ɗaya a ɗan ɗakin gaba, duk a wangale.

Ni sana'ata famfo da tankunan ruwa, shi ya sa aka aiko mini. "Ɗana, kai da ke hana tanki zuba, jirgi ne zai gagare ka?" Na ce, "Kawu, tanki ruwansa na ciki, wannan kuwa nasa na waje, amma bari mu gani." Na zagaya kantunan kayan famfo na Maraɗi, na aika Katsina, na sa an duba mini Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da na tarar shi ne kayan da aka ƙera don jirgi ba a ajiye su a nan, kayan da ke nan kuma wasu suna yi, wasu kuwa sai su nutsar da mutum. Wanda ya raba su shi ne wurin da hudar take.

Jirgi irin wannan fata biyu gare shi, ta waje da ta ciki, tsakaninsu iska. Iskar nan ita ce ransa: ko ya kife ya cika da ruwa, ba ya zuwa ƙasa. Ɗakin iska ke nan, kuma shi ne mai wuyar sha'ani. Akwai ɗakin ajiya mai marfi inda ake sa igiya da abinci, sai kuma buɗaɗɗen ciki inda mutum ke zama, wanda ruwan sama da feshin igiyar ruwa ke taruwa a kansa. Kuskuren da na fara yi shi ne neman abu ɗaya da zai yi wa ukun.

Matoshin asali na ɗakin iska abu biyu ne, gida da ɗa. Gidan zobe ne na roba mai tauri, da kunnuwa biyu inda ake ɗaure shi da ƙananan kusoshi masu murɗi. Ɗan ana murɗa shi cikin gidan, yana da zoben roba mai taushi a wuya, da ɗan wutsiya da ke riƙe shi don kada ya faɗa ruwa in an kwance. Wasu rubu'in juyi kawai ake yi musu su kulle. Da Faransanci nable ake cewa, kuma da wannan sunan za ka aika wa ɗan'uwanka da ke Faransa, in ba haka ba ya aiko maka marfin kwalba. Kamfanonin Allen, RWO da Holt na Ingila suna yin sa, Ronstan na Ostareliya ma haka, Plastimo kuma a Faransa. Alherinsa biyu ne: daga waje kaɗai ake ɗaura shi, ba sai hannu ya shiga ciki ba, sannan yana zama can ƙasa daf da gindin ɗaki, ruwa ya fita kusan duka in an ɗaga hancin jirgi. Aibinsa kuwa, kowane kamfani da irin haƙoransa. Ɗan wannan ba ya shiga gidan wancan. In za ka saya, sayi gida da ɗa tare, ka ƙara ɗa biyu na ajiya da zobban roba, domin kuɗin aike ya fi kuɗin kayan. Kafin ka aika, auna faɗin hudar da milimita da tazarar ramukan kusoshi, ka ɗauki hoto da ma'auni a jiki.

Abokin gwajinsa a kasuwarmu shi ne abin da muke sa wa tankin ruwa a gindi, ni bakin tanki nake ce masa: ɗan bututu mai haƙora, da faffaɗan kai, da faifan roba, da noti da ake ɗaurewa ta baya. A sa masa marfi mai murɗi, ya zama matoshi. Yana da araha, yau ka nema yau ka samu, in marfin ya ɓace ka aiki yaro kanti. Ƙarfi ma ba a magana, ya fi na asalin kauri. To ina matsalar? Notin nan. Sai hannu ya kai bayan bango kafin a ɗaure shi, ɗakin iska kuwa a rufe yake ruf. Sannan faɗin kansa ba ya barin hudar ta sauka ƙasa sosai, kullum akwai ruwan da zai rage a ƙarƙashinsa, yatsa ɗaya ko biyu. A tanki ba a damu da wannan ba. A jirgi ragowar nan ce ke jiƙa kumfar da ake cusawa cikin ɗakin, ko katakon da ke ɓoye cikin faiba, jirgi ya yi ta ƙara nauyi ba a san dalili ba. Kowace lita kilo guda ce. Kuma bututun yana leƙowa waje, ga namu jiragen da in ruwan tafki ya ja baya da rani ake jan su a kan laka da yashi.

Saboda haka in ɗakin iska ne kuma ba ka son ƙara yanka jirgi, na asali ya fi, ko da zai yi wata guda a hanya. In bango ne tsakanin ɗakin ajiya da buɗaɗɗen ciki, inda hannu ke kaiwa ta kowane gefe, bakin tanki ya isa har ya yi yawa, ɓarnar kuɗi ce a aika Turai.

Akwai wata hanya da ta fi burge ni bayan na yi aikin, wato ƙofar leƙe. Zagayayyen marfi ne mai murɗi da ake yanka wa wuri a saman ɗakin iska, faɗinsa inci 4, 5 ko 6, Faransawa na ce masa trappe de visite. Da shi hannu ke shiga, a sa soso a tsane ruwa har ɗigon ƙarshe, a bar shi buɗe ɗaki ya sha iska. Wanda ya sa wannan, in ya ga dama ya toshe hudar baya gaba ɗaya da faiba ya huta, in kuma ya so ya sa bakin tanki tunda yanzu noti zai ɗauru. Na inci 4 hannun babba da ƙyar yake shiga, balle ya riƙe sifana. In wuri ya isa a ɗauki 5. Madadinsa a nan shi ne marfin duba bututun ƙazanta na milimita 100 ko 110. Yana rufewa da kyau in yana da zoben roba, amma ya fi nauyi, yana tsaye sama kamar tulu, igiya ta sarƙe shi, ƙafa ta yi tuntuɓe. A cikin lungun da ba a takawa zan yarda da shi. A inda ake zama, a'a. Kuma ko wanne za a sa, kada a yanka kusa da gindin sanda, can ne jirgi ke ɗaukar duk ƙarfin iska.

Yanzu ga abin da littattafan masu jirgi na Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne babban abokin gabarmu. Su gishirin teku suke tsoro. Mu ruwanmu ba gishiri, rana ce ke cin mu. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na wuce digiri 40 a inuwa, jirgin da ke kife a bakin tafki kuwa cikinsa ya fi haka nesa. Iskar da aka kulle da asuba tana digiri 25, in ta kai 55 da azahar, matsinta na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. A baki kamar ba komai, amma daidai yake da nauyin tan guda a kan kowane murabba'in mita na bangon ɗaki. Haɗin fata biyun ne ke fara buɗewa. Sai a tura jirgi mai zafi cikin ruwan sanyi, iskar ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta tsagar da ta yi da kanta. Ashe matoshi mai kyau ƙwarai shi ma yana iya fasa jirgi. Shi ya sa Laser, ƙaramin jirgin tseren da Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, wanda aka fara nunawa a 1971, yake da matoshi a baya amma kuma da wata ƴar huda ta numfashi da aka ɓoye a cikin wurin zama. Mutane kan ga irin wannan hudar su ɗauka lahani ce su liƙe ta. Kada a liƙe. In jirginka ba shi da ita, a huda ta milimita 1 ko 2 a wuri mai tudu da ruwa ba ya kwanciya, ko kuwa a mai da shi ɗabi'a: da an fito da jirgi tudu a sassauta matoshi, kafin a koma a ɗaure. Na fi son hudar, domin ɗabi'a ana manta ta ranar da aka yi kamu mai yawa.

Ranar dai ita ke zaɓa mana launi. Farar roba tana yin gari-gari ta fashe kamar ƙanzo bayan ta sha rana; duk wanda ya taɓa taka farin bututun da ya shekara a kan soro ya san ƙarar. Baƙa ta fi jurewa, saboda baƙin da ake zuba mata shi ke tare hasken da ke cinye ta. In an ba ka zaɓi, ɗauki baƙi ko toka-toka, ko da bai yi wa farin jirgi kyau ba. Zoben roban wuya shi ne zai fara mutuwa. Kada a shafa masa baƙin mai ko man shafawa na kanti, wasu robobin kumbura suke yi. Man silikon ne nasa. In faifai ne shimfiɗaɗɗe ya lalace, robar cikin tayar babur tana maye gurbinsa, a yanka da almakashi mai kaifi.

Sai masu son ƙarfe. Akwai matoshin tagulla da ake sa wa manyan jirage a can ƙasa, faifai mai kusoshi uku da ɗa mai haƙora na rabin inci. Na ga mutane na ɗokin sa don yana da nauyi a hannu. Ga tarkon da ke ciki. Yawancinsu na tsarin Amurka ne, NPT, namu na kantin famfo kuwa tsarin Ingila ne, BSP, wanda a nan muke kira da lambobin Faransa: 15/21 shi ne rabin inci, 20/27 inci uku bisa huɗu, 26/34 inci guda. A rabin inci dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, saboda haka namu zai shiga nasu juyi biyu ko uku, ka ce ai ya yi. Bai yi ba. Kusurwar haƙorin nasu digiri 60 ce, tamu 55. Zai riƙe yau, gobe ya yi ta tsiyaya, in ka matsa da ƙarfi ka cinye haƙoran. A inci guda ma ko yawan haƙoran bai zo ɗaya ba, 11 da rabi da 11. Na kai wa wani mai kanti irin wannan gidan, ya juya shi ya juya, ya ɗauko marfi ya murɗa.

"Malam, ai ga shi ya shiga."

"Alhaji, shiga ya shiga, amma ku girgiza ku ji."

Ya girgiza, ya ji motsi, ya ajiye ya ce, "To wannan ba namu ba ne." Na ji daɗin da bai ce in naɗa farin zare in rufe ido ba.

Tagullar kanti mai ruwan ɗorawa gaurayen jan ƙarfe ce da tutiya. A ruwan gishiri tutiyar na zarewa, ƙarfen ya koma ja-ja ya rube. A ruwan tafki abin na tafiya a hankali, za ta yi shekaru. Amma in jirginka na alminiyon ne, kada tagulla ta taɓa shi ko kaɗan, jikin jirgin ne zai ci kansa a zagayen hudar. Can roba kawai. Kusoshi kuma na inokis, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ba farin ƙarfen da aka yi wa wanka ba. Duba kan noti: A2 ya isa ruwanmu, A4 na teku ne, ba sai ka biya kuɗinsa ba. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya cafke kusar da ƙarfi, mayar wa mai ita.

Akwai kuma matoshin roba mai kumbura, wanda ake tura shi cikin bututun inci guda a karya hannunsa ko a murɗa ya cika wurin. Na jiragen inji ne masu buɗaɗɗen baya. Yana son bututu mai santsi, a hudar faiba tsirara ba ya zama, kuma zafinmu na busar da shi. A ajiye ɗaya don ɓacin rana, shi ke nan.

Buɗaɗɗen ciki shi ne inda na ƙi bin ra'ayin Kawu. Ya ga hoton wata ƴar ƙofar ƙarfe da ake sa wa a ƙasan jirgin tsere, a danna ta ta leƙa cikin ruwa, gudun jirgi ya zuƙe ruwan ciki ya fitar. Gaskiya ne akwai ta, vide-vite da Faransanci, kuma sunan Paul Elvstrøm ɗan Denmak, wanda ya ci zinare huɗu a jere a gasar Olamfik daga 1948 zuwa 1960, yana haɗe da ita. Sai dai gudu take ci. Jirgin da aka loda wa mutum biyu da raga da kwandon tarwaɗa ba ya wannan gudun, in iska ta kwanta kuwa ƙofar shigowa ta zama. Ga yashi da ɓawon kifi da ke hana ta rufewa. Haka ma magudana mai ƙwallo ko mai leɓen roba da aka ce tana fitarwa ba ta shigarwa: tana aiki ne in daɓen jirgi ya fi ruwan waje tudu, kuma tsinke ɗaya ya isa ya tokare ta. Kafin ka yarda da ita, loda jirgi yadda ka saba, ka zauna a baya, wani ya sa alama inda ruwa ya tsaya. Duk hudar da ta faɗa ƙasan alamar nan, lissafinta daban. Huda mai faɗin milimita 25, santimita 10 kacal a ƙarƙashin ruwa, tana shigar da fiye da lita 20 a minti guda.

Wani dattijo masunci yana zaune yana gyaran raga yana jin gardamarmu. Da muka yi shiru ya ce da ni, "Yaro, jirgin nan yana yoyo ta ƙasa ne?" Na ce, "A'a, Baba, so ake a huda don ruwa ya fita." Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya miƙo wata jarka ta lita 5 da aka yanke wa gindi a karkace, hannunta na nan, an ɗaure ta da igiya. Da ita yake kwarfe nasa. Yaran da ke koyon tuƙi a Turai cikin ɗan jirgin nan Optimist ma da irinta suke fita, ɗaure da igiya. Ƙasan jirgin Kawu har yau ba huda.

Abin liƙi shi ne inda aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun sayi kaya masu kyau. Silikon na gilashi da bayi shi ne a ko'ina, shi ne kuma ba na so: riƙonsa a faiba ba ƙarfi, in ya saki ya bar maiƙon da ba abin da zai ƙara kamawa a wurin sai an kankare. Na jirgi shi ne irin Sikaflex 291. Akwai 3M 5200, wanda in ya kama ya kama ke nan, ranar da rana ta fasa matoshin sai ka ɓalle faiba kafin ka cire shi. Ga abin da ka san za a canza, wannan ba gata ba ne. In waɗannan ba su samu ba, baƙin abin liƙin da masu sa gilashin gaban mota ke aiki da shi danginsu ɗaya. Duba kwanan wata a jikin kwalin, zafin kanti na daskarar da shi tun ba a buɗe ba. Shi kuwa bakin tanki da faifan robarsa yake rufewa, ba da gam ba, domin irin robarsa ba ta cika karɓar liƙi ba. Abin da yake so shi ne bango shimfiɗaɗɗe mai tsabta, da ɗauri na hannu a ƙara ɗan kaɗan da sifana. In hudar ta ratsa katako, a shafe bakin yankan da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi ya bushe kafin a sa komai, in ba haka ba ta nan ruɓa za ta fara.

Mu dai matosan baya biyu muka jira na asali, baƙaƙe, wani ɗan ƙanwar Kawu ya taho da su. Ɗakin gaba bakin tanki 15/21 da marfinsa. Ƙofar leƙe ɗaya ta inci 5 a gefe, nesa da sanda. Da muka gama, don in gwada ko akwai inda ke yoyo, na liƙe hudar numfashi da ɗan salatif na ɗan lokaci, na kwaɓa ruwan omo a roba, na sa Kawu ya busa iska ta hudar baya da famfon keke, bugu kaɗan a hankali. Injin mai faci ba ya zuwa nan, a daƙiƙa ɗaya zai raba jirgi gida biyu. Na bi matosai da soso, shiru. Na bi ƙofar leƙe, shiru. Sai can a tsakiya, a bakin ramin da ake zura allon da ke hana iska tura jirgi a kaikaice, kumfa ta taso jere kamar tafasar miya, tsawon taƙi guda. Kawu ya saki famfo ya durƙusa yana kallo. Mun yi wata biyu muna neman matoshi, ashe ta nan ruwan zai shiga. Washegari na koma gari neman ƙyallen faiba da ruwan gam ɗinsa wurin masu gyaran jikin mota.